Rikicin Dutsen Parasnath: alkawarin Jainawa, takardar gwamnati da farautar Santalawa

## Dutsen da masu hawansa

Dutsen Parasnath yana gundumar Giridih ta jihar Jharkhand, a gabashin Indiya. Tsayinsa kimanin mita 1,350 ne, duk jihar babu tsaunin da ya kamo shi, kuma daji ya lulluɓe shi tun daga gindi har kusa da ƙoli. A gindin akwai ɗan garin Madhuban, wanda rayuwarsa kacokan ta rataya a kan baƙi: gidajen ibada, masaukai, ɗakunan ciyar da maziyarta, da rumfunan masu sayar da sanda da tocila.

Mabiya addinin Jain suna kiran dutsen Sammed Shikharji, kuma ba su da wurin da ya fi shi tsarki. A aƙidarsu an yi manyan malamai 24 da suke kira Tirthankara, kuma 20 daga ciki a kan wannan dutse suka bar duniya, suka kuɓuta har abada daga zagayen haihuwa da mutuwa. Na 23, Parshvanatha, shi ne dutsen ya ci sunansa. Na 24, Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha, a Pavapuri ta jihar Bihar ya rasu. Jainawa ba su da yawa. Ƙidayar 2011 ta same su miliyan 4.45, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Indiya ba su kai ba, kuma galibinsu suna Maharashtra, Rajasthan, Gujarat, Madhya Pradesh da Karnataka. A Jharkhand kanta kimanin dubu 15 ne. Yawancin masu hawa dutsen daga nesa suke zuwa, su yi kwana biyu ko uku su koma.

Ziyarar takan fara ne da tsakar dare ko gabanin asuba. Mutum zai yi wanka, ya sa tufafi masu tsabta, ya kama hanya, da yawa ba takalmi. Kilomita 9 ne hawa, 9 zagayen ƙololuwa, 9 sauka, jimla 27. A kan ƙololuwan akwai 'yan ɗakuna da ake kira tonk, a cikin kowanne sawun ƙafa biyu ne aka sassaƙa a dutse. Mai ziyara ya zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa, ya sunkuya, ya wuce na gaba. Masu tsanantawa ba sa ci ba sa sha har su sauko, don kada larurar kewayawa ta kama su a wuri mai tsarki. Tsoho ko mara lafiya kuwa doli yake hawa, wata kujera da ake ratayawa a jikin gora, mutum biyu ko huɗu su saɓa a kafaɗa.

Masu saɓa goran nan mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dutsen ne, kuma da yawansu 'yan ƙabilar Santal ne, ɗaya daga manyan ƙabilun asali na Indiya, waɗanda suka yi wa Turawa bore a 1855. Su ma dutsen wurin bautarsu ne. Marang Buru suke kiransa, sunan babban abin bautarsu. Suna da kurmin tsafi a jikinsa, suna yanka dabba, suna zuba giyar shinkafa a bukukuwansu. Duk shekara, idan watan Baisakh ya yi sha huɗu, wajen Afrilu ko Mayu, mazansu kan shiga dajin farautar ibada ta kwana uku mai suna Sendra, bayanta dattawa su zauna babban taron yanke shari'un ƙabila.

## Alkawura biyar

Addinin Jain bai yarda da mahalicci ba. Ginshiƙinsa shi ne kowane mai rai yana da ruhi wanda ba shi da farko, kuma rai bai tsaya ga mutum da dabba ba. Ƙwaro, tsutsa, tsiro, har ƙasa da ruwa da wuta da iska, duk suna ɗauke da rayuka. Aikin da mutum ya yi cikin fushi, girman kai, yaudara ko haɗama yana manna wa ruhinsa wani datti mai nauyi da suke kira karma, shi ke sa ya yi ta dawowa duniya. Tsira ita ce a hana sabon datti shiga, a kankare tsohon da azumi da zuhudu.

Hana shigar kuwa da alkawura biyar ake yi. Na farko kuma uban sauran shi ne ahimsa, rashin cutar da duk wani mai rai. Sai satya, faɗin gaskiya, amma ba gaskiyar da za ta jawo halakar wani ba. Sai asteya, kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Sai brahmacharya, kame kai daga sha'awa. Na ƙarshe aparigraha, kada ka tara, kada zuciyarka ta liƙe wa abin da ke hannunka. Akwai wata ƙa'ida da ke ƙarƙashinsu duka, wadda za ta yi ta dawowa a wannan lamari: laifi yana hawa kan mutum ta hanya uku, ya aikata da kansa, ya sa wani ya aikata, ko ya ga an aikata ya amince. Kowanne kuma yana iya aukuwa a zuciya, a baki ko a aikace.

Masu zuhudu, maza da mata, suna ɗaukar alkawuran ba rangwame. Ba sa hawa mota, ƙafa suke bi duk nisan wuri. Suna tafe da 'yar tsintsiya mai laushi, suna share wuri kafin su zauna kada su danne ƙwaro. Manyan ɗariƙun addinin biyu ne: a ɗariƙar Digambara da gashin ɗawisu wanda ya zube da kansa ake yin ta, a ɗariƙar Shvetambara da zaren ulu. Watanni huɗu na damina ba sa tafiya, domin lokacin ne ƙasa ke cika da ƙananan halittu. Mazan Digambara da suka kai matakin ƙarshe ba sa sa tufa ko ɗaya, sau ɗaya suke cin abinci a yini, a tsaye, a tafin hannu, gashin kansu ma da hannu suke tuge shi.

Magidanci sassauƙan nau'i yake ɗauka. Malamansu sun san ba za a yi noma ko girki ko kasuwanci ba tare da wani rai ya salwanta ba, sun kuma yarda mutum ya kare kansa da iyalinsa. Abin da aka hana shi ƙwarai shi ne kashe mai motsi da gangan. Daga nan nama da giya da zuma suka fita daga abincinsa. Masu kiyayewa suna barin albasa da tafarnuwa da dankali, saboda tono su yana kashe tsiron gaba ɗaya da halittun da ke jikinsa. Suna tace ruwa da ƙyalle, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Aparigraha a wurin magidanci ita ce ya yanka wa dukiyarsa iyaka, abin da ya haura ya bayar. Shi ya sa za ka ga attajiransu suna riƙe da asibitoci da gidajen kula da tsofaffin dabbobi. A tsohon birnin Delhi, daura da Jar Ganuwa, suna da asibitin tsuntsaye a harabar gidan ibadarsu.

Wata koyarwar da ke tafe da waɗannan ita ce anekantavada: gaskiya tana da fuskoki da yawa, mai kallo daga gefe ɗaya rabonsa kaɗai ya gani. Da labarin makafin da suka shafa giwa, kowa ya siffanta ta da gaɓar da hannunsa ya taɓa, suke koya wa yara ita.

Mai irin wannan aƙida ba tonk kaɗai yake ɗauka mai tsarki ba, dutsen ne gaba ɗaya, da itatuwansa da ƙwarinsa. Musulmi zai yi saurin gane abin idan ya tuna haramin Makka, inda ba a farauta, ba a sare itace.

## Daga zamanin Akbar zuwa 1953

Neman kariyar hukuma ba sabon abu ba ne ga Jainawa. A shekarun 1580 Sarki Akbar na daular Mughal ya gayyaci malaminsu Hiravijaya Suri fadarsa, bayan haka ya hana yanka dabbobi a kwanakin azuminsu na Paryushan. 'Yan Shvetambara suna riƙe da wata takarda da suke danganta wa Akbar, wadda suka ce ta ba su wasu duwatsu masu tsarki har da wannan.

A farkon shekarun 1890 wani Bature mai suna Boddam ya kafa mayankar aladu a kan dutsen don fitar da kitse, bisa hayar da ya karɓa daga sarkin Palganj, wanda dutsen ke hannunsa a lokacin. Wani matashin masanin doka, Virchand Gandhi, wanda daga baya ya wakilci addinin a taron addinai na Chicago a 1893, ya tare a Kalkata watanni, ya koyi harshen Bengali don ya karanta takardun filin da kansa. Kotu ta ba Jainawa gaskiya, aka rufe mayankar.

Karo na gaba bai zo musu haka ba. A 1911 jami'an Turawa sun rubuta farautar Sendra a kundin haƙƙoƙin ƙasa a matsayin al'adar da aka gada. 'Yan Shvetambara suka kai ƙara suna neman a ce babu wannan al'ada. Aka kori ƙarar, Babbar Kotu ta kori ɗaukaka ƙara, magana ta kai Landan, majalisar shari'a ta Sarkin Ingila ta tabbatar cewa Santalawa suna da haƙƙin farauta a dutsen.

A 1918 cibiyar Anandji Kalyanji ta 'yan Shvetambara ta sayi dutsen daga sarkin Palganj. A 1953 dokar gyaran mallakar ƙasa ta Bihar ta mayar da shi hannun gwamnati. Tun kafin nan da bayan nan, ɗariƙun biyu suna gaban alƙalai a kan wa ke da ikon gudanar da wuraren ibadar, shari'ar da ta haura shekara ɗari ta kuma kai Kotun Ƙoli. Bayan dokar kare namun daji ta 1972 aka mayar da dajin gandun gwamnati, abin da ya takura farautar Santalawa ta wata ƙofar daban. A Nuwamba 2000 aka yanke Jharkhand daga Bihar, dutsen ya faɗa sabuwar jihar, inda ƙabilun asali suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a.

## 2018 zuwa 2019: takardu uku

Gwamnatin jihar a ƙarƙashin shugabanta, Babban Minista Raghubar Das na jam'iyyar BJP mai mulkin tarayya a lokacin, ta tsara bunƙasa yankin don jawo baƙi da kuɗin shiga. Jainawa suka ji tsoro, suka fara gangamin ceto Shikharji a ƙarƙashin malaminsu Yugbhushan Suri. A Oktoba 2018 jihar ta fitar da takardar ofis tana amincewa da tsarkin dutsen da alkawarin kiyaye shi. Gangamin ya lafa.

A Fabrairu 2019 ita dai jihar ta sa Parasnath cikin jerin wuraren yawon buɗe ido. Ranar 2 ga Agusta 2019 kuma Ma'aikatar Muhalli ta tarayya, bisa shawarar jihar, ta ayyana fiye da murabba'in kilomita 200 a kewayen gandun Parasnath da na Topchanchi a matsayin yankin da ake lallaɓa muhallinsa. Manufar irin wannan sanarwa ita ce taƙaita haƙar ma'adinai da masana'antu masu gurɓata wuri, abin da babu mabiyin Jain da zai ƙi. Amma sashe na 3 ya buɗe ƙofar yawon buɗe ido da yawon kallon daji. Jainawa suka ce ba a tuntuɓe su ba, kuma sun san abin da ke biyo bayan ɗan yawon shaƙatawa: otal, gasasshen nama, kwalabe, lasifika, babura a hanyar da ake bi ba takalmi.

## 2019 zuwa 2022: koke ba amsa

Shekara uku aka yi ana bin hanyar takarda. Ƙungiyoyi suka yi ta rubuta wasiƙu, suna tura tawaga Ranchi, babban birnin jihar, da Delhi. A Disamba 2019 gwamnati ta sauya, Hemant Soren na jam'iyyar JMM, wanda shi kansa Basantale ne, ya zama Babban Minista. Sai annobar korona ta zo ta danne komai. A Yuli 2022 Soren ya ƙaddamar da sabuwar manufar yawon buɗe ido ta jihar, Parasnath da Madhuban suna cikin wuraren ziyarar addini da za a bunƙasa.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Jihar ta ce sanarwar 2019 ta tarayya ce, an kuma yi ta a zamanin BJP, don haka gyaranta sai Delhi, kuma ita abin da take nufi kawai shi ne samar wa maziyarta ruwa da hanya da tsaro. Tarayya ta ce jihar ce ta nema, ita za ta fara janyewa. Da yake tun Janairu 2014 an amince da Jainawa a matsayin tsirarun addini a matakin ƙasa, sun kai kuka Hukumar Tsiraru ta Ƙasa, wadda ta karɓi ƙorafin ta sa ranar zama a tsakiyar Janairu 2023. Gwamnan jihar na lokacin, Ramesh Bais, wanda naɗin shugaban ƙasa ne, shi ma ya rubuta wa Ministan Muhalli na tarayya. Ko wasali ɗaya ba a sauya a sanarwar ba.

## Disamba 2022 zuwa 6 ga Janairu 2023

A ƙarshen 2022 wani ɓacin ran ya haɗu da wannan. A Palitana ta jihar Gujarat, inda dutsen Shatrunjaya yake, an lalata wani sawun ibada, aka kuma yi ta kukan haƙar duwatsu da sayar da giya a yankin. Koke biyun suka zama ɗaya.

Ranar 21 ga Disamba 'yan kasuwar Jainawa suka rufe shagunansu a garuruwa da dama. Aka fara jerin gwano, da yawa na shiru, maza cikin farare, mata cikin ruwan goro, masu zuhudu a gaba. Digambara da Shvetambara, waɗanda lauyoyinsu ke fuskantar juna a kotu kan wannan dutse, suka jera a layi ɗaya. Ranar 1 ga Janairu 2023 dubbai suka fito a Delhi da Mumbai da Ahmedabad. A Delhi 'yan sanda sun tare masu nufin zuwa fadar shugabar ƙasa, suka tsare wasu. Goyon baya ya zo daga wajen addinin ma, har da ɗan majalisa Musulmi Asaduddin Owaisi.

Ranar 25 ga Disamba wani dattijo mai zuhudu na Digambara, Muni Sugyeya Sagar, ɗan shekara 72, ya shiga azumin ƙin amincewa a gidan ibada na Sanganer kusa da Jaipur. Ya rasu ranar 3 ga Janairu. Addinin yana da wani alkawari mai suna sallekhana, inda wanda tsufa ko cutar da ba ta da magani ta cim masa yake janye jiki daga abinci sannu a hankali har ajali. Babbar Kotun Rajasthan ta haramta shi ranar 10 ga Agusta 2015, Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin ranar 31 ga watan. Mabiyan dattijon sun ɗauki rasuwarsa a matsayin mutuwar ibada, jaridu kuma suka ba da ita a matsayin mutuwar mai zanga-zanga.

Ranar 5 ga Janairu Soren ya rubuta wa Ministan Muhalli Bhupender Yadav yana neman a duba sanarwar. A ranar ministan ya gana da wakilan Jainawa, ma'aikatarsa ta fitar da umarni. An dakatar da aiwatar da sashe na 3 nan take, har da duk harkokin yawon buɗe ido. An umarci jihar ta tsananta hana sayar da giya da ƙwaya da nama, kiɗa mai ƙara da lasifika, shiga da dabbobin gida, da kafa tanti ko yawon daji ba izini. An kuma ce a sa Jainawa biyu da mutum ɗaya daga ƙabilun yankin a kwamitin sa ido. Kwana 15 ke nan daga rufe shaguna.

Wani dattijon, Muni Samarth Sagar, ɗan shekara 74, wanda ya ɗauki azumi bayan rasuwar na farko a wuri guda, ya cika ranar 6 ga Janairu, sa'o'i bayan fitar umarnin.

## Bayan umarnin

Tsugune ba ta ƙare ba. Ranar 10 ga Janairu dubban 'yan ƙabilun asali suka taru a gindin dutsen da ganguna da kwari da baka, suna cewa a 'yanta Marang Buru. Cikin jagororinsu akwai tsohon ɗan majalisar tarayya Salkhan Murmu da Lobin Hembrom, ɗan majalisar jiha daga jam'iyyar Soren a lokacin. Hujjarsu a fili take: kakanninsu suna nan tun kafin a rubuta kowace takarda, hukuncin Landan yana hannunsu, amma an zauna a Delhi an yanke abin da za su ci da abin da za su sha, aka ba su kujera ɗaya aka ba baƙi biyu.

Yankin da sanarwar ta shata ya ƙunshi gomman ƙauyuka, don haka tambayar inda haramcin ya tsaya ta zama ta yau da kullum. Kasuwar ƙauye tana ciki? Kazar da za a yanka a kurmin tsafi fa? Har ƙwan da ake ba yara a abincin makaranta ya shigo cikin taƙaddamar, a jihar da tamowa ta yi wa yara katutu. Su kuma Jainawa suka ce umarnin a takarda ya tsaya, ana ci gaba da sayar da nama da giya. Wata ƙungiyarsu ta kai ƙara, a Mayu 2025 Babbar Kotun Jharkhand ta umarci jihar ta aiwatar da haramcin, ta ƙara masu gadi. Ƙungiyoyin Santalawa suka sake fitowa, suka ce su ma kotu za su bi da tsofaffin takardunsu.

## Abin da ya ci da abin da bai ci ba

Hanyar wasiƙa ta gaza ne saboda dalili biyu. Takardar 2018 alkawarin ofis ce, ba ta da ƙarfin da za ta ture sanarwar da aka buga a matsayin doka. Sannan tun daga Disamba 2019 jam'iyyun da ke Ranchi da Delhi abokan hamayya ne, kowacce ta fi samun riba a nuna 'yar'uwarta da yatsa fiye da gyara.

Abin da ya ci shi ne buƙata ɗaya ƙarama wadda alƙalamin minista ɗaya zai iya biya, da haɗuwar ɗariƙun biyu, da kuma salon fitowar. Mutanen da suka rufe shagonsu aljihunsu suka fara cutarwa, kuma jerin gwanon shiru bai ba hukuma hujjar kiran su masu tayar da fitina ba. A nan ahimsa ta yi aiki a zahiri, kuma ina ganin ta cancanci girmamawa. Sai dai gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa Jainawa al'umma ce mai dukiya da ilimi, kusan kashi 95 cikin ɗari sun iya karatu a ƙidayar 2011, kuma suna da nauyi a Karnataka da Rajasthan da Madhya Pradesh, jihohin da duk suke fuskantar zaɓe a 2023. Santalawa ma sun fito da dubbansu, ba a ba su amsa cikin kwana 15 ba.

Rasuwar dattawan biyu ba zan lissafa ta cikin dabarun da suka yi nasara ba, ko da ta gaggauta umarnin. Littattafan addinin da kansu sun sa burin mutuwa cikin abubuwan da ke ɓata sallekhana, kuma gwamnatin da ba ta motsi sai an ɗauki gawa ta koya wa kowane mai koke mummunan darasi. Sashe na 3 abu ne da za a iya dakatarwa tun 2019.

A kan hanyar ziyara da ƙololuwa, Jainawa ke da gaskiya. Wanda ya tako kilomita 27 ba takalmi, bakinsa a bushe, yana da haƙƙin kada ya tarar da kwalba a gindin tonk. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Alkawuran nan biyar mutum ne ke ɗaukar wa kansa, da bakinsa, gwargwadon ƙarfinsa, shi ya sa ma aka sassauta wa magidanci. Basantale bai ɗauka ba. Na fahimci cewa ƙa'idar nan ta amincewa tana hana mabiyin Jain ya ga ana yanka a dutsensa ya kau da kai. Amma ƙa'idar tana da wani reshen, na sa wani ya aikata. Idan ɗan sanda ya ƙwace kazar talaka, ko yaro ya rasa ƙwansa na makaranta saboda ƙarar da wani ya shigar daga wata jiha, cutarwa ce ta auku, kuma tana da mai sa wa. Haka nan shekara ɗari na shari'ar mallakar dutse abu ne mai wuyar daidaitawa da aparigraha, kuma masu koya wa yara labarin makafi da giwa su ne suka fi cancanta su fara tambayar abin da maƙwabcinsu ya shafa.

Farautar Sendra kuwa maganarta tana tsakanin Santalawa da dokar namun daji ne, a can ya kamata a warware ta da dattawansu. Aikin da ya rage ba ya buƙatar sabuwar doka. Kwamitin sa ido ya riƙa zama a Madhuban, a daidaita kujerunsa, a sa masu unguwannin ƙauyuka da wakilan masu ɗaukar doli a ciki, sannan a fita da ma'auni a kafa turaku: daga nan zuwa ƙoli ƙa'idar ziyara ce ke aiki a kan kowa, daga nan zuwa ƙasa kuma kasuwa da kurmi da tukunyar makaranta na mutanen ƙauye ne.